Me ke kai iyaye maza makarantu aikin sa-kai a Amurka?

Daga ina abin ya samo asali?

Daga wani mummunan al'amari. A ranar 24 ga Maris 1998, yara biyu, ɗan shekara 11 da ɗan 13, suka buɗe wuta a wata makaranta kusa da garin Jonesboro a jihar Arkansas, suka kashe ɗalibai huɗu da malama ɗaya. A wannan shekarar wani uba mai suna Jim Moore ya tara iyaye maza a wata makarantar firamare da ke garin Springdale, shi ma a jihar Arkansas, domin su riƙa shiga cikin 'ya'yansu da rana. Shirin da ake kira WATCH D.O.G.S. ke nan (D.O.G.S. na nufin "Dads Of Great Students", wato iyaye maza na ɗalibai nagari), wanda daga baya ya bazu zuwa dubban makarantu.

To, me uban ke yi in ya je?

Ba koyarwa zai yi ba, ba kuma bulala zai riƙe ba. Abin da ake roƙonsa shi ne ya ba da aƙalla yini ɗaya a shekara. Da sassafe ya tsaya bakin ƙofa sanye da rigar shirin, yana tarbar yara da fara'a, yana taimaka wa ƙanana su sauko daga mota. Can an jima sai ka gan shi ya takure a 'yar kujerar aji, yana sauraron yaro na haɗa baƙi. Lokacin cin abinci ya zauna a tsakiyarsu, ya buɗe wa wannan kwalin madarar da ya gagare shi, ya saurari surutun wancan. Ya kuma zagaya harabar makaranta ya ga ko ƙofofi a rufe suke.

Me ya sa sai maza? Iyaye mata fa?

Mata dama su ke ɗauke da kayan. A firamaren Amurka kusan tara cikin goma na malamai mata ne, tarukan iyaye ma galibi uwaye ke cika su. Akwai kuma yara da yawa da ba uba a gidansu. A ganina nan ne ainihin amfanin shirin: yaron da babansa ya zo zai yi alfahari, amma wanda ya fi ƙaruwa shi ne na gefensa, wanda bai taɓa ganin babban namiji ya durƙusa ya saurare shi cikin natsuwa ba. Ɗa na kowa ne.

Yana rage faɗa da gaske?

A Satumbar 2021 an kama ɗalibai 23 cikin kwana uku saboda faɗa a sakandaren Southwood da ke Shreveport, jihar Louisiana. Sai iyaye maza wajen 40 suka kafa ƙungiyar Dads on Duty, wato iyaye maza a bakin aiki, suna karɓa-karɓa a makarantar, suna gaisawa da yara, suna yi musu barkwanci. Rahotanni sun ce a makonnin da suka biyo baya faɗan ya tsaya cak. Makaranta ɗaya ba ta isa hujja ga kowace makaranta ba, amma yaro kan ji nauyin idon babba.

Ba haɗari a bar kowane namiji cikin yara?

Akwai, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Shi ya sa makarantu da dama ke binciken tarihin mutum kafin su amince masa. Yana sa hannu a ofis in ya iso, a ba shi jadawali, ya yi aiki ƙarƙashin kulawar malami, ba a barinsa shi kaɗai da yaro.