Batirin Jan Ƙarfe da Tutiya

Batirin jan ƙarfe da tutiya na'ura ce mai samar da wutar lantarki daga ƙarafa biyu, kowanne a tsome cikin ruwan sinadarinsa. Fitaccen nau'insa shi ne batirin Daniell. Tutiya ita ce ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, wanda mutane da yawa ke ce wa zinki.

Tarihi

Abin ya faro ne daga ƙafar kwaɗo. A wajajen shekarun 1780 wani likitan birnin Bologna a Italiya, Luigi Galvani, ya lura ƙafar mataccen kwaɗo tana zabura idan ƙarafa iri biyu suka taɓa ta. Ya wallafa bincikensa a 1791, yana cewa wutar daga jikin dabbar take. Alessandro Volta na jami'ar Pavia ya ce a'a, daga ƙarafan take. An daɗe ana ja-in-ja, kowa kuma da 'yar gaskiyarsa.

Volta ya kawar da kwaɗon gaba ɗaya. Ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe ko azurfa, ɗaya bisa ɗaya, da kwali jiƙe da ruwan gishiri a tsakani, sai ga wuta tana gudana. A watan Maris na 1800 ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan bayanin aikin. Sai dai batirin nasa ba ya jimawa: kumfar iskar haidirojin kan lulluɓe jan ƙarfen, wutar ta yi sanyi.

Wannan cikas ne John Frederic Daniell, malamin kimiyyar sinadarai a King's College ta Landan, ya magance a 1836. Ya tsoma kowane ƙarfe a nasa ruwan, ya raba ruwan biyu da fatar maƙogwaron bijimi, wadda ke barin sinadarai su tsallaka a hankali ba tare da ruwan ya gauraya ba. Bayan 'yan shekaru aka koma amfani da tukunyar yumɓu mai tsattsafo, irin randar da ke gumi ta waje. Da yake ƙarfinsa ba ya hawa da sauka, kamfanonin wayar tangaraho suka rungume shi, suka yi shekaru da dama suna aiki da shi.

Yadda yake aiki

Ana tsoma farantin tutiya a ruwan salfet na tutiya, mai haske kamar ruwan sha, a tsoma na jan ƙarfe a ruwan salfet na jan ƙarfe, mai launin shuɗi. Kowane ruwa yana cikin nasa kofi. Waya ta haɗa farantan ta waje, gadar gishiri kuma, wato bututu mai ɗauke da ruwan gishiri, ta haɗa kofunan biyu.

Tutiya ta fi jan ƙarfe saurin sakin elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki. Kowace ƙwayar zarra tata takan saki biyu, ita kuma ta narke cikin ruwa. Elektiron ɗin su bi waya zuwa wancan gefe, inda narkakken jan ƙarfen da ke cikin shuɗin ruwa zai karɓe su ya koma ƙarfe, ya manne a jikin faranti. Tafiyarsu cikin waya ita ce wutar. Idan aka bar shi ya ɗauki lokaci, za a ga tutiyar ta zaizaye, farantin jan ƙarfe ya yi sabuwar riga ja-ja, shuɗin ruwan ya koɗe. Duk giram 65.4 na tutiya da ya narke, kimanin giram 63.5 na jan ƙarfe ke kwantawa.

Gadar gishiri ita ɗalibai suka fi rainawa, alhali da an cire ta komai ya tsaya, domin ta cikinta ayon, wato ƙwayoyin zarra masu caji, ke ratsawa su daidaita cajin kofunan. Ƙarfin batirin bolt 1.1 ne: 0.76 daga ɓangaren tutiya, 0.34 daga na jan ƙarfe.

Amfani a yau

Batirin ya koma kayan koyarwa. Ɗaliban sakandare masu shirin jarrabawar WASSCE suna zana shi, yaran unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi kuwa kan iya gwada ɗan ƙaninsa a gida: a soka ƙusar kwano mai shafen tutiya da guntuwar wayar jan ƙarfe a lemun tsami ba tare da sun taɓa juna ba. Lemu ɗaya bai kai bolt guda ba, sai an jera uku ko huɗu ƙaramin ƙwan lantarki irin na LED ke haskawa.

Suna

Daga sunan Volta aka samo ma'aunin bolt, aka amince da shi a Paris a 1881. Kogin Volta na Ghana da ke juya injinan madatsar ruwa ta Akosombo ba shi da alaƙa da shi, kalmar Fotugis ce mai nufin lanƙwasa.