Waiwaye: Yadda Maryam Nawaz ta hau kujerar Punjab

Ranar 26 ga Fabrairun 2024, majalisar dokokin lardin Punjab a Pakistan ta zaɓi Maryam Nawaz babbar ministar lardin da ƙuri'a 220. Ɓangaren 'yan adawa kuwa wayam, don magoya bayan tsohon firaminista Imran Khan sun fice daga zauren, dama can suna kukan an yi musu fashin zaɓe. Haka ta zama mace ta farko da ta shugabanci gwamnatin wani lardi a ƙasar, kuma lardin da ya fi kowanne jama'a, mai mutum sama da miliyan 120.

Sai dai kujerar ba baƙuwa ba ce a gidansu. Mahaifinta Nawaz Sharif ya hau ta a 1985, baffanta Shehbaz ya riƙe ta har sau uku, ɗan baffan nata Hamza ma ya ɗana ta na 'yan watanni a 2022. An haifi Maryam a Lahore ranar 28 ga Oktoban 1973, ta auri Kyaftin Safdar Awan a 1992. Da Janar Musharraf ya hamɓarar da mahaifinta daga kujerar firaminista a 1999, iyalin suka yi zaman gudun hijira a Jidda. Ba ta fito fili a siyasa ba sai wajajen zaɓen 2013, inda aka ba ta shugabancin shirin tallafa wa matasa na firaminista, ta kuma sauka a 2014 bayan an ƙalubalanci naɗin a kotu.

Abin da ya kusa binne ta ɗan ƙarami ne, har yana da ban dariya. Bayan fallasar takardun Panama a 2016, waɗanda suka tona dukiyar da manyan mutane suka ajiye a ƙasashen waje, masu bincike suka nemi sanin mai gidajen Avenfield da ke Landan, da ake alaƙantawa da iyalin Sharif. Maryam ta miƙa takarda mai kwanan watan 2006, tana cewa ita amana kawai aka ba ta. Da aka duba, sai ga shi an buga takardar da samfurin harafin Calibri na Microsoft, wanda bai shiga kasuwa ba sai 2007. 'Yan Pakistan suka yi ta barkwanci da lamarin a intanet, amma kotu ba da wasa ta ɗauke shi ba. A Yulin 2018 aka yanke mata shekara bakwai. Tana Landan wajen jinyar mahaifiyarta Kulsoom, amma ta hau jirgi da mahaifinta suka dawo, aka kama su a filin jirgin Lahore. Kulsoom ta rasu a watan Satumba, 'yarta na tsare a kurkukun Adiala. Ko masu ƙinta sun yarda cewa wannan dawowar ce ta sa 'yan jam'iyyar mahaifinta ta PML-N suka fara kallonta a matsayin jagora, ba 'yar oga kawai ba. Babbar kotun Islamabad ta wanke ta a Satumban 2022.

A zaɓen 8 ga Fabrairun 2024, karonta na farko a takara, ta ci kujera biyu a Lahore, ta tarayya da ta lardi. Ta saki ta tarayyar.

Yawancin matan da ke zama tare da ita a zauren ba ta wannan ƙofa suka shigo ba. Cikin kujeru 371 na majalisar, 66 an keɓe wa mata, kuma ba a kaɗa musu ƙuri'a a rumfa. Jam'iyya ce ke miƙa jerin sunaye, a raba mata gwargwadon kujerun da ta ci. Musharraf ne ya dawo da tsarin ya faɗaɗa shi a 2002, bayan tanadin baya ya ƙare da majalisar 1988. Wadda shugaban jam'iyya ya rubuta sunanta ba ta da mazaɓar da za ta jingina da ita in sun saɓa. Dokar zaɓe ta 2017 ta tilasta wa jam'iyyu su ba mata aƙalla kashi 5 cikin 100 na tikitin mazaɓu, amma sau da yawa sai su cika sharaɗin ta hanyar tsayar da su inda suka san ba za su kai labari ba.