Besbol a Tsofaffin Faya-fayan Majigi: Me Suke Nunawa Game da Amurka ta Farkon Ƙarni na 20?

Wane irin wasa ne besbol, kuma yaya matsayinsa yake a Amurka a wancan zamani?

Besbol wasa ne tsakanin ƙungiya biyu, kowace da 'yan wasa tara. Mai jifa yakan wurgo ƙwallo, mai bugu ya tarbe ta da sanda, idan ya same ta sai ya sheƙa da gudu yana bin tashoshi huɗu, wanda duk ya kewayo ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. An kafa gasar National League a 1876, ta American League kuma ta shigo sahun manya a 1901, sannan a 1903 zakarun gasannin biyu suka kara a World Series ta farko, inda Boston ta doke Pittsburgh. Zuwa 1910 wasan ya yi farin jinin da shugaban ƙasa William Howard Taft da kansa ya jefa ƙwallon buɗe kakar wasa a Washington. A shekarun ne aka daina gina filayen katako da gobara ke yawan cinyewa, aka koma ga siminti da ƙarfe, kamar Shibe Park a Philadelphia a 1909 da Fenway Park a Boston a 1912.

Su wane ne suka ɗauki waɗannan hotuna, kuma me ya sa mutanen ciki suke tafiya cikin gaggawa?

Kamfanin Thomas Edison ya ɗauki ɗan gajeren fim na besbol tun 1898, amma yawancin abin da ya rage ya fito ne daga kamfanonin majigin labarai, irin su Pathé wanda ya fara fitar da labaran mako-mako a gidajen siliman Amurka a 1911. Na'urar ɗaukar hoton tana da nauyi, a kan ƙafa uku take tsayawa, kuma da hannu ake juya ta, galibi hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa ɗaya. Da aka koma nuna fim a kan hoto 24 a daƙiƙa, sai motsin mutanen ya ƙara sauri fiye da yadda ya kasance a zahiri. Fim ɗin ma yana da tsada, shi ya sa mai ɗauka ba ya bin wasa daga farko zuwa ƙarshe. Yakan ɗauki 'yan wasa suna motsa jiki, da manyan baƙi suna gaisawa, da taron jama'a, da 'yan daƙiƙoƙi na wasan kansa.

Me mai kallo zai fahimta daga taron jama'ar da ke cikin filin?

A ganina nan ne waɗannan faya-fayai suka fi amfani. Idan na'ura ta juya ta fuskanci 'yan kallo, abin da ido ke fara cin karo da shi shi ne huluna, sahu bayan sahu, malafar kaba lokacin zafi da ta ulu lokacin sanyi, a kan mazaje sanye da kwat da laktaye, hayaƙin sigari na tashi a tsakaninsu. Da wuya a ga kai a buɗe. Mata suna nan, amma tsiraru ne. Wannan shiga ba ta nuna cewa kowa mai kuɗi ne, domin a lokacin namiji ba ya fita bainar jama'a babu hula. Sai dai lokacin wasan yana faɗin wani abu game da waɗanda suke zuwa. Ba a fara wasan dare a manyan gasanni ba sai 1935 a Cincinnati, don haka da rana ake yi, a ranakun aiki, lokacin da leburan masana'anta yake bakin injinsa, akawu da ɗan kasuwa kuwa suna iya sulalewa daga ofis. Ranar Lahadi, wadda ita kaɗai ce ranar hutun yawancin ma'aikata, dokokin da suka samo tushe daga addini sun hana wasan kuɗi a cikinta a New York har 1919, a jihar Pennsylvania kuma har zuwa kakar 1934. Waɗanda ba su samu shiga fili ba sukan yi cincirindo a ƙofar gidajen jaridu suna kallon allon da ake canza sakamakonsa da saƙon wayar tangaraho, tunda ba a fara watsa wasan a rediyo ba sai 1921.

Me ya sa ba a ganin baƙaƙen fata a cikin 'yan wasan manyan ƙungiyoyi?

Domin an hana su. Babu rubutacciyar doka a kundin manyan gasannin, yarjejeniya ce ta baki tsakanin masu ƙungiyoyi, amma ta yi aiki fiye da shekara sittin. Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo a 1884, daga nan aka rufe ƙofa har 15 ga Afrilu 1947, ranar da Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers. A daidai wannan tsakani 'ya'yan baƙin haure daga Turai suna samun shiga, misali Honus Wagner, ɗan Jamusawa 'yan ci-rani wanda ya yi aikin haƙar kwal yana yaro, ya zama tauraro a Pittsburgh.

Baƙaƙen fata ba su zauna sun naɗe hannu ba. Rube Foster ya kafa Negro National League a Kansas City a 1920, kuma a 1924 Kansas City Monarchs da Hilldale suka buga gasar zakarunsu ta farko. Monarchs ma sun riga manyan gasanni yin wasan dare, domin tun 1930 suke yawo da fitilunsu a kan motoci. Abin takaici shi ne kamfanonin majigi sun fi kai na'urorinsu inda fararen fata suke, shi ya sa hotunan motsi na waɗannan gwanaye ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya dogara da faya-fayan kaɗai zai ɗauka cewa besbol na wancan zamani na fararen fata ne zalla, alhali zaɓin mai na'ura yake kallo. Sai a 2020 hukumar manyan gasanni ta amince cewa gasannin baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 suna cikin sahun manya.

Shin akwai hoton gasar World Series ta 1919, wadda aka sayar wa 'yan caca?

Akwai 'yan mintoci, kuma yadda suka tsira abin mamaki ne. A gasar, wasu 'yan Chicago White Sox sun karɓi kuɗin 'yan caca don su bari Cincinnati Reds ta ci su. Kotu ta wanke waɗanda aka gurfanar a 1921, amma alƙali Kenesaw Mountain Landis, wanda aka ɗora a kan shugabancin wasan, ya kori mutum takwas, har da Joe Jackson. Fim ɗin ya fito ne daga Dawson City a arewacin Kanada, garin da ya kasance zangon ƙarshe na faya-fayan silima, inda kuɗin mayar da su ya fi ƙarfin darajarsu. A 1929 aka cike wani tsohon wurin ninkaya da su, ƙasa mai daskarewa ta adana su, har aka tono faifai 533 a 1978. Sai a 2014 aka gane cewa akwai gasar 1919 a ciki. Hoton yana nuna cikakken fili da 'yan wasa suna gudu, amma ido ba zai iya tantance kuskuren gaskiya da na ganganci ba. Shaidar kotu da jaridu ne suka fayyace wannan.

Wasan kansa ya canza a idon na'ura?

Ƙwarai kuwa. Kafin 1920 akan yi ta amfani da ƙwallo ɗaya har ta yi baƙi ta yi laushi, maki kuma ya yi wuyar samu. Bayan da ƙwallon da mai jifa Carl Mays ya wurgo ta kashe mai bugu Ray Chapman a Agustan 1920, aka matsa wajen sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. A shekarar ce gwanin bugu Babe Ruth ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 54, a 1927 kuma sau 60, masu ɗaukar hoto suka koma bin fuskarsa duk inda ya sa ƙafa.

Me ya sa abin da ya rage bai da yawa?

An yi faya-fayan da sinadarin naitiret, wanda yake ruɓewa ya zama gari kuma yake kama wuta cikin sauƙi, kamar yadda ya faru a ma'ajiyar kamfanin Fox a New Jersey a 1937. Majigin labarai kuwa kayan mako ɗaya ne a wurin masu shi, ba su ga dalilin kashe kuɗin adana shi ba. Waɗanda ke yawo a intanet yau da launi da hayaniyar 'yan kallo, ƙari ne da aka yi musu daga baya da kwamfuta, domin an ɗauki na asalin ne babu murya, cikin fari da baƙi.