Me ake nufi da "taba mara hayaki"?

A bakin ma'aikatan lafiya, "taba mara hayaki" na nufin duk tabar da ake amfani da ita ba tare da an kunna mata wuta ba. Ta ƙunshi garin taba da ake shaƙa ta hanci, wanda wasu ke kira anwuru, da wanda ake dannawa tsakanin leɓe da dasashi a bar shi ya jiƙa, da busasshen ganyen da ake taunawa. Sunan ne sabo, domin kakanninmu sun san tabar gari tun da daɗewa.

Sunan yana da ruɗi, saboda mai jin "mara hayaki" yakan ɗauka cewa an rabu da cutar. Abin da aka rabu da shi hayaki ne kawai, amma sinadarin nikotin da ke sa mutum ya kamu yana nan daram. Hasali ma, kanwar da ake dakawa tare da ganyen ba don ɗanɗano kaɗai take ba: tana sa nikotin ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri, shi ya sa wadda ta saba ba ta iya yini ba ta saka ba.

Binciken da aka gudanar a Najeriya a 2012 kan amfani da taba tsakanin manya ya nuna cewa mata masu wannan taba sun fi mata masu busa sigari yawa, ko da yake ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Macen da ke aiki a ƙaramar masana'antar ruwan leda ko ta robobi a Kakuri ko Kudenda da ke Kaduna, tana tsaye tun safe a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, ba za ta kunna sigari a bainar jama'a ba, don kunya da kuma dokar wurin aiki. Ƙullin garin taba kuwa yana da araha, ana ɗaure shi a bakin zane, ba a ganin hayaƙi balle a yi tsegumi, yana kuma kore barci da danne yunwa na ɗan lokaci. Wasu ma ta hanyar ciwon haƙori suka fara, bayan an ce musu magani ne.

Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan taba cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta baki, ta maƙoshi da ta gaɓar ciki mai sarrafa sukari da ake kira pancreas a Turance, kuma an gano aƙalla sinadarai 28 masu jawo sankara a cikinta. Tana cinye dasashi, tana ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Ga mai juna biyu, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a wannan batu, tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, ko jariri mara nauyi, ko ma a haifi ɗan babu rai.

Alamar farko sau da yawa wani farin tabo ne a daidai gurbin da ake ajiye tabar, wanda ba ya zafi kuma ba ya gogewa. Idan irin wannan tabo ko gyambon baki ya wuce mako biyu bai warke ba, likitan haƙori ne ya kamata ya duba shi.