Tayoyin Hanyar Karkara

Tayoyin hanyar karkara su ne waɗanda aka ƙera domin motar da ke sauka daga kwalta ta bi burji, rairayi, laka ko duwatsu. Ana gane su da zurfin zanensu, da faɗin ramukan da ke tsakanin haƙoransu, da kuma kaurin gefensu. A ƙauyukan Kano da Jigawa an fi ganin su a ƙafar Hilux da Land Cruiser da a-kori-kurar da ke jigilar hatsi ranar kasuwa.

Masu ƙera taya sun kasa tayoyin irin waɗannan motoci gida uku, kuma haruffan kowane kaso suna nan rubuce a jikin tayar. Mai H/T ta kwalta ce: zanenta ƙanana ne, ba ta yin ƙara, ba ta sa mota shan mai, amma da ta taka taɓo sai santsi. Mai M/T ta laka ce, haƙoranta manya ne masu tazara, har sukan gangaro gefe; a kan kwalta tana gunji, tana saurin cinyewa, kuma birki ba ya kama ta da wuri idan an yi ruwa. Mai A/T tana tsakanin biyun, kuma kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya yi fice da irinta tun 1976.

Irin ƙasar da mota ke bi ita ce ke yanke hukunci, kuma a nan ne masu saye suka fi yin kuskure, domin ido yakan raja'a ga taya mai manyan haƙora. A jigayin Maigatari da Babura da Sule Tankarkar, inda hanya rairayi ce zalla, tayar laka haƙa take yi: da direba ya taka totur sai haƙoran su tone yashin, motar ta nutse har cikinta ya zauna a ƙasa. Abin da rairayi ke buƙata shi ne tayar da za ta shimfiɗu a kansa, ana kuma samun haka ne ta hanyar rage iska zuwa kimanin 15 ko 20 a geji, saboda sawun tayar ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu. Wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, tun da taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasuwa tana ɗaukar zafi, a watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wuya ta fashe.

A fadamun kwarin Haɗeja, wajen Auyo da Kiri Kasamma da Guri, lamarin akasin haka ne. Lakar watan Agusta mai danƙo ce, takan cike zanen A/T har tayar ta koma kamar suɗaɗɗiya, alhali ramukan M/T suna watsar da lakar a duk juyi. Wanda aikinsa ke fadama duk damina shi ne ya cancanci ɗaukar hayaniyarta da tsadarta. Ga mafi yawan direbobi, da rabin tafiyarsu kwalta ce rabi burji, A/T ta wadatar.

A ƙasar duwatsu irin ta Riruwai da Birnin Kudu, gefen taya ne abin lura, haka ma a gonaki bayan girbi, inda kututturen kara da ƙayar aduwa ke huda roba. Taya mai haruffan LT ta fi ƙarfin jiki da jure lodi. Mai faci yana iya toshe hujin da ke kan zane, amma yankan gefe ba ya gyaruwa yadda za a amince da shi.

Lambobin jikin taya suna da ma'ana. A 265/65 R17, faɗin tayar milimita 265 ne, tsawon gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wilin kuma inci 17. Gefe mai tsawo ya fi shanye gargada. Lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar su ne mako da shekarar ƙira, wato 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya.

Tun da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Nijeriya a 2007 da 2008, kasuwa ta dogara ga na waje, ciki har da na gwanjo. Daga cikin na gwanjon akwai masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi domin hunturun Turai. Zanensu yakan ruɗi mai saye, amma robarsu mai laushi ce, tana saurin cinyewa a zafin arewa. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kuma tana buƙatar tayoyinta su zama girma ɗaya, har da safaya, in ba haka ba giyarta ce ke wahala.