Wai da gaske Yakubu da James suna ɗaya ne?

Samarin ƙauyenmu nan wajen Ringim sun daɗe suna wannan musun a majalisa, wasu har rantsuwa suke wai ƙarya ce.

Ina asalin sunan yake?

Daga Ibrananci ne, Ya'aƙob suke cewa. A Attaura an ce tagwaye ne shi da Isuwa, ya fito yana riƙe da diddigen ɗan'uwan nasa, diddige kuma a yarensu "aƙeb" ne, shi ne sunan ya bi shi. Mu ta Larabci muka samo shi, Annabi Yaƙubu ɗan Annabi Is'haƙa, mahaifin Annabi Yusuf (AS), sai Bahaushe ya liƙa masa "u" a ƙarshe kamar yadda ya yi wa Adamu da Nuhu.

To ina ruwan James a ciki?

Nan ne abin yake da daɗi. Girkawa suka ɗauka suka ce Iakobos, Romawa suka mayar da shi Iacobus, da tafiya ta yi tafiya bakin mutane ya juya "b" ɗin ta koma "m", ya zama Iacomus, to daga nan ne 'yan Italiya suka samu Giacomo, 'yan Sifen Jaime, Turawan Ingila kuma James, shi kuwa Jacob nasu bai yi nisa da asalin ba. Jacques na Faransa ma shi ne. Kai har Santiago da kuke ji a ƙwallo "Waliyyi Yakubu" ake nufi, babban birnin ƙasar Chile ma sunansa kenan. Wanda ya rantse ya duba Littafi Mai Tsarki na Hausa, wasiƙar da Turawa ke kira James sunanta Yakubu a ciki.

Yaushe ya shigo ƙasar Hausa?

Ya daɗe fa. Sarkin Kano Yakubu, mahaifin Muhammadu Rumfa, ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, tun kafin jihadin Shehu da ɗaruruwan shekaru. Wanda ya kafa masarautar Bauchi ma Yakubu ne, almajirin Shehu.

Musulmi kaɗai ke sa shi?

A'a. Janar Yakubu Gowon da ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975 Kirista ne, ɗan ƙabilar Angas daga Filato.