Share Fagen Kalkulas da Aiki da Shi a Matsalolin Zahiri

Share fagen kalkulas darasi ne na lissafi da ake koyarwa a ajujuwan ƙarshe na sakandare, ko a shekarar farko ta jami'a, domin shirya ɗalibi kafin ya shiga kalkulas, wato lissafin yadda adadi ke canzawa da yadda yake taruwa. Ba reshe ne mai zaman kansa ba. Tarin batutuwa ne da aka tsamo daga aljabara da tirigonometiri da jometirin giraf aka haɗa su wuri guda. A Amurka aka fi saninsa a matsayin darasi mai sunan kansa, kuma galibi 'yan aji 11 ko 12 ne ke ɗaukarsa. A ƙasashe da dama ana koyar da batutuwan ne a cikin lissafin manyan ajujuwa ba tare da an ware musu suna ba.

Ginshiƙin darasin shi ne fankishin, wato ƙa'idar da ke ɗaura kowane adadin da aka shigar da adadi ɗaya tak da zai fito. Aiki da shi a matsalolin zahiri kuwa shi ne a ɗauki wani abu da ke faruwa a duniya, a nemo fankishin da ya fi dacewa da shi, a yi lissafi, sannan a koma a duba ko amsar ta zo daidai da abin da aka auna. Wannan shi ake kira gina samfurin lissafi.

Tarihi

Kusan duk batutuwan darasin buƙata ce ta haife su tun kafin su shiga aji.

Tirigonometiri, wato lissafin kusurwoyi da gefunan alwatika, ya taso ne daga nazarin taurari. Ana danganta teburin farko na tsirkiyar da'ira (miƙaƙƙen layin da ke haɗa wurare biyu a bakin da'ira) ga Hipparchus, masanin Girka na ƙarni na 2 kafin miladiyya, sai dai teburin nasa ya ɓace. Wanda ya saura shi ne na Batlamus, wanda ya yi aiki a Iskandariya wajen shekara ta 150. A Indiya, Aryabhata ya kawo teburin rabin tsirkiya a shekara ta 499, kuma wannan rabin tsirkiyar ce asalin abin da yau ake kira sayin.

Malaman daular Musulunci sun faɗaɗa ilimin matuƙa, saboda sanin alƙibla da lokutan salla da lissafin tsayuwar wata duk suna buƙatar awon kusurwa a kan doron ƙwallo. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu wajen 998, sun gyara tebura tare da yin aiki da tanjan, wani ma'aunin kusurwa ɗan'uwan sayin. Albiruni ya bayyana hanyar auna girman duniya daga dutse guda. Da farko ana gano tsawon dutsen ta hanyar auna kusurwar ƙololuwarsa daga wurare biyu a ƙasa. Daga nan sai a hau samansa a auna yadda layin gani ya sunkuya zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa. Da waɗannan adadi biyu ake fitar da nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da doronta. An ce ya gwada hanyar a Nandana, cikin Pakistan ta yau, a farkon ƙarni na 11. Nasiruddin al-Ɗusi, wanda ya rasu a 1274, shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara rubuta tirigonometiri a matsayin fanni daban da ilimin taurari.

Aljabara ma haka ta fara. Littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 ya ware kaso mai tsoka ga rabon gado da wasiyya, sannan ya taɓo ciniki da awon fili.

John Napier na Sikotlan ya wallafa logaridim a 1614, Henry Briggs kuma ya fitar da babban tebur mai tushe 10 a 1624. Fa'idarsa a lokacin a fili take: logaridim na mayar da ninkawa ya zama tarawa, don haka lissafin da kan ci wa masu nazarin taurari da matuƙan jiragen ruwa lokaci mai tsawo ya yi sauƙi. Injiniyoyi sun ci gaba da dogaro da tebura da rular lissafi mai zamewa har shekarun 1970, lokacin da kalkuletar aljihu ta yaɗu. A 1637 René Descartes ya haɗa aljabara da jometiri, shekara guda bayan haka Galileo ya nuna cewa abin da aka jefa yana bin wata lanƙwasa mai kama da baka da ake kira farabola idan aka ɗauke tirjiyar iska. Jacob Bernoulli ya ci karo da adadin da yanzu ake rubutawa e, wato kimanin 2.718, a 1683, yana nazarin kuɗin ruwan da ake tarawa a kan uwar kuɗi.

Leibniz ya yi amfani da kalmar fankishin a ƙarshen ƙarni na 17, amma Leonhard Euler ne ya mai da ita cibiyar fannin. Littafinsa Introductio in analysin infinitorum, mai juzu'i biyu, ya fito a 1748, kuma ya jera fankishin na ninkuwa da logaridim da tirigonometiri a matsayin shimfiɗa kafin kalkulas. Saboda haka wasu marubuta ke ɗaukarsa littafin share fage na farko.

Shigarsa makarantu

A Jamus, shirin gyaran manhaja na Meran na 1905, wanda Felix Klein ya yi wa jagoranci, ya nemi a sa tunanin fankishin a tsakiyar lissafin sakandare. A Amurka, bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, an ɓullo da manhajar da aka yi wa laƙabi da Sabon Lissafi, wadda ta karkata ga tsari da hujja, ta rage wa aikace-aikace wuri. Martani ya biyo baya. Hans Freudenthal a Holan ya yi kira da a fara koyarwa daga yanayin da ɗalibi zai iya hararowa, aka kuma kafa cibiyarsa a Utrecht a 1971. Henry Pollak, masanin lissafi a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, ya daɗe yana jan hankali cewa yawancin tambayoyin littattafan makaranta lissafi ne zalla da aka sa wa rigar labari.

Ƙa'idojin da majalisar malaman lissafi ta Amurka, NCTM, ta fitar a 1989 sun ba warware matsala fifiko. Tsarin ƙa'idojin karatu na Amurka mai suna Common Core, na 2010, ya sa gina samfuri cikin manyan rukunan lissafin sakandare. Hukumar jarrabawa ta College Board ta fara darasin share fagen kalkulas a tsarinta na AP, wato darussa masu zurfi ga 'yan sakandare, a 2023, aka yi jarrabawar farko a watan Mayu na 2024.

Misalan da ake kawowa a aji

Fankishin mai daraja biyu, wato wanda ke ɗauke da adadin da aka ninka da kansa kamar t², yakan zo da misalin jifa. Idan aka cilla ƙwallo sama da saurin mita 20 a daƙiƙa, tsayin da ta kai bayan daƙiƙa t shi ne h = 20t − 4.9t². Tana kai ƙololuwa, kimanin mita 20.4, bayan daƙiƙa 2 da ɗan ɗori, ta dawo bayan kusan daƙiƙa 4.

Ninkuwa da logaridim su suka fi yawan misalai. Adadin da ke ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 duk shekara yana ninka kansa cikin shekara 14.2, kuma logaridim ne ke fitar da wannan amsa. Dabarar raba 72 da yawan kason, wadda Luca Pacioli ya ambata tun 1494, tana ba da 14.4. A ɓangaren raguwa, rabin sinadarin kabon-14, wanda ake samu a ƙashi da sauran ragowar abu mai rai, na ƙarewa duk bayan kimanin shekara 5,730, saboda haka ƙashin da kashi ɗaya cikin huɗu na sinadarin ya saura a cikinsa ya kai shekara 11,460 ko kusa da haka. Ma'aunin girgizar ƙasa da Charles Richter ya fitar a 1935 shi ma na logaridim ne: hawa mataki ɗaya na nufin motsin da na'ura ta rubuta ya ninka sau 10, ƙarfin da ya fita kuwa ya ninka kusan sau 32.

Sayin da kosayin na abubuwa ne masu zagayowa, kamar tsawon yini a cikin shekara, ko cikar teku da janyewarta, wadda a gaɓa da yawa take maimaituwa duk awa 12 da kusan minti 25. Da tanjan ake auna abin da ba a iya hawa: wanda ya tsaya mita 30 daga gindin hasumiya ya hangi samanta a kusurwar digiri 40, ya san ta ɗara tsayin idonsa da kimanin mita 25.

Wasu manhajojin sukan ƙara bekta, wato adadi mai girma da inda ya dosa, da matiris, wato lambobin da aka jera a layuka da ginshiƙai.

Komawa ga zahiri

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe, wato gwada amsa da hankali. Akwai sanannen misali daga jarrabawar auna ilimi ta ƙasa a Amurka, a farkon shekarun 1980, inda aka tambayi 'yan shekara 13 bas nawa ake buƙata a kwashi sojoji 1,128 idan kowace bas na ɗaukar 36. Da yawa sun yi rabon daidai, suka rubuta 31 da saura 12. Waɗanda suka ce 32 ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ko da yake tambayar ta ƙananan aji ce, irin wannan tuntuɓe na bin ɗalibai har share fagen kalkulas, inda za a ga an karɓi lokaci mai alamar ragewa a matsayin amsa, ko an bar samfurin ninkuwa ya yi ta hawa ba iyaka. Wannan matsala ta biyu ce ta sa Pierre Verhulst ya gyara samfurin ƙaruwar jama'a a 1838, ya sa masa rufin da ba ya wucewa.

Kayan aiki

Casio ta fitar da kalkuleta mai zana giraf a 1985, Texas Instruments ta biyo da TI-81 a 1990. Yanzu manhajojin kwamfuta irin su GeoGebra da Desmos sun karɓi kaso mai yawa na wannan aiki.

Saɓanin ra'ayi

Masu goyon baya na cewa misalan zahiri na sa ɗalibi ya ga dalilin abin da yake koyo. Masu suka na cewa suna cin lokacin da ya kamata a ba ƙwarewar aljabara, wadda kalkulas ba ya yiwuwa sai da ita. Akwai kuma muhawara a Amurka kan ko ya dace a buɗe wa wasu ɗalibai hanyar ilimin ƙididdiga a madadin hanyar kalkulas.